Yadda Na Gyara wa Kawu Mati Kaset

Duk faɗin Gubuchi, kai har Makarfi da kewayenta, mutum ɗaya ne tak ya taɓa raba Kawu Mati da rakodarsa, kuma ni ne, Bala mai tura waƙa a waya. Malamai sun yi wa'azi sun gaji, 'ya'yansa sun yi lallashi sun gaji, ni kuwa mako guda na gama da shi. Shekara biyu ina wannan cika bakin a teburin mai shayi. Ku bi ni dai a hankali.

Ku da kuka san shi kun san rakodar nan: baƙa, ƙofarta ɗaure da roba, kullum tana saɓe a kafaɗarsa. Batir kuwa ba ya mutuwa a gidan Kawu, sai dai ya suma. Ya shanya shi a kan rumbu, ya ɗan ciccije shi, ya mayar. In zai koma da kaset baya, sai ya zare shi ya soka biro yana wulwulawa.

Na ce, "Kawu, ga maɓalli nan fa."

Ya ce, "Maɓallin ne zai sayo mini batir?"

Ba ya raina kiɗa a dunƙule, ɗaya bayan ɗaya yake bi. Goge na 'yan duniya ne. Kalangu a bar wa mahauta da 'yan mata. Waƙar Indiya, mage ce aka take wa wutsiya. Waƙoƙin bege yana girmama su, amma ya ce wannan ibada ce, kada a haɗa. Kiɗa a wurinsa guda ne, gangar noma. "Kiɗan da bai motsa garma ba hayaniya ne," in ji shi. Ni da nake cin abinci da waƙoƙin fiyano, ɗan ƙanwarsa guda, bai taɓa kira na Bala ba. Kurma yake ce mini.

Wata rana mun shiga mota za mu Ikara suna. Direba ya ƙure wata waƙar fim.

Kawu ya ce, "Direba, rage mana kukan yarinyar nan."

"Baba, ai waƙar soyayya ce."

"Soyayya? To wa ya mutu?"

Direba ya ƙara murya. Kawu ya ɗora rakoda a cinya ya danna tasa. Ashe ranar hadari aka wuni, batir bai sha rana ba. Sai ga ganga tana jan ƙafa, mawaƙi yana gurnani kamar bijimin da aka kayar. Mota ta kwashe da dariya, har da wata tsohuwa mai riƙe da kaji. Kawu ya buga jikin mota, a sauke shi, tun ba mu kai rabi ba.

"Gara ƙafa ta kumbura da kunne ya ruɓe. Kurma, ɗauko rakoda."

Wallahi muka isa an wanke tukwane!

Sai bikin Kudan, inda aka ɗauke ni da sifikuna in yi kiɗa. Ina cikin cashewa sai ga Kawu da farar riga, ya riƙo sabuwar takardar kuɗi. Na ce yau Allah ya shirya shi.

"Kurma, ina makaɗin? Liƙi zan yi masa."

Na nuna masa kwamfuta.

Ya leƙa gabanta, ya leƙa bayanta. "To ina goshinsa? A kan me kuɗin zai manne?"

"Kawu, ai ba ya gumi."

"Makaɗin da ba ya gumi! To shi mai waƙar fa, da muryarsa ke karkarwa, an kai shi asibiti?"

Ya ninke kuɗinsa ya mayar aljihu. Tun daga nan nake zargin dama bai fito da niyyar rabuwa da su ba.

A cikin kasetinsa duka akwai guda da ko matarsa, Inna Laraba, ba ta taɓawa. Ɗaukar wata gayya ce da aka yi a Nasarawan Doya yana saurayi, ranar da ya tsere wa kowa a kan kunyar noma, marigayi Nomau makaɗi yana biye da shi da ganga. Wani alhaji ne ya ɗauka da sabuwar rakodarsa, kuma babu wani kwafi a duniya. Kawu ya sha gaya mini cewa kowane gwanin noma yana da takensa, ganga ce ke kiransa, ba baki ba. Ya buga ƙirji ya ce, "Ina ciki." Ni kuwa na saurara na saurara, ban taɓa jin an ce Mati ba. Na ce a raina, cika baki dai gadonmu ne.

Da zaren ya tsufa, ya tsinke wuri uku Kawu ya liƙe da ƙaro, sai na sa shi gaba.

"Kawu, ba ni shi in zuba maka a memori. Ba ya tsinkewa, ba ya cin batir."

Maganar batir ɗin ce ta kama shi. Kwana shida yana juya ta, a na bakwai ya kawo kaset ɗin shagona a Makarfi, a naɗe cikin tsumma.

"Kurma, amana."

"Haba Kawu, ai aikina ke nan."

Na zuba shi a kwamfuta lafiya lau. Wajen mayarwa baya, da maɓalli, inji ya tauna zaren ya yi masa kaca-kaca. Ban damu ba, ai ina da shi a ciki. Sai gwaninta ta motsa. Na cire shuuu ɗin nan, na ɗaga murya. A tsakiya na tarar da wani dogon wuri, ba waƙa ba amshi, ganga ce kawai tana ta nanata abu ɗaya, sai ihun maza da guɗa can nesa. Na ce wa zai zauna jin wannan? Na datse shi, na ajiye gyararren a kan na asali. Na sayo 'yar rediyo mai cin memori na kai masa har gida.

Ya saurara tun daga fari har ƙarshe bai motsa ba.

"Ya ƙare?"

"Ya ƙare, Kawu. Na wanke maka shi tas."

"Ina kaset ɗin?"

Na gaya masa. Sai ya ce, "To."

Daga ranar ya rataye rakoda a bango. Gona, kasuwa, ƙofar gida, 'yar rediyon nan tana manne da kunnensa, har ciwon da ya kwantar da shi. Ni kuwa ina ta shela: na shigo da Kawu Mati zamani!

Allah ya ji ƙan Kawu. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa gumin da ya zubar a gona ya ciyar da mu ya zame masa shaida. Mu da muka rage, Allah ya buɗe mana kunne.

Kusan haka na yi addu'ar ranar sadakar bakwai, a gaban Inna Laraba. Da na shafa na tashi, da na tsira. Amma baki bai bar ni ba. Na hango 'yar rediyon a kan tabarma, na ce, "Inna, ko ba komai dai na sa ya ji daɗin kiɗansa har ƙarshe. Kin ga ko ajiye ta ba ya yi."

Ta dube ni, ta dubi rediyon.

"Jin daɗi? Bala, nema yake yi. Wurin da ka datse, takensa ne. Shekara biyu yana zare ɗan abin nan yana juya shi, wai ko yana ɗaya gefen."

"Inna, me ya hana a gaya mini?"

"Shi ya hana. Ya ce ko an faɗa, ba ji za ka yi ba."