Akuyar Ƙungiya ta Ƙarshe a Gangara

A Gangara ba mai kiran Ummukulsum da sunanta, sai Uwar Awaki. Jikar Fulani ce da suka ajiye sanda suka ɗauki hauya, kuma shugabar ƙungiyar matan garin. Tana da faɗa, amma ba ta taɓa tashi daga maganar da ta yi ba.

Aikin ƙungiyar habbanaye ne, irin na kakanninta: a ba mace marar ƙarfi jar akuya, in ta haihu ta yaye, matar ta riƙe 'ya'yan, uwar ta wuce gidan mai bi mata. Da masu tallafi suna nan, har garke suka yi. Sai rayuwa ta yi tsada, masu tallafin suka rufe buronsu, wato ofishinsu na garin Gazawa, ko sallama babu. Dusa ta gagari talaka. Wasu awakin ciwo ya ci, wasu yunwa ta kai kasuwa, aka wayi gari saura guda.

Ita ma akuyar tana hannun Talatu, tsohuwar da 'yarta ta rasu wajen haihuwa ta bar mata jaririya. Akuyar ta haihu, ɗan bai yi rai ba, nonon ya zama abincin marainiyar. Ga kuma Saliha, bazawara mai ƙananan yara, ta sha jira har ta daina tambaya, kuma gaban matan ƙungiya Ummukulsum ta yi mata alkawarin akuyar. Da wa'adin Talatu ya cika, Ummukulsum ta roƙi matan a yi mata ƙarin lokaci, suka ce in aka karya ƙa'ida yau, ƙungiya ta mutu. Ta san gaskiya suka faɗa, shi ya fi yi mata ciwo.

Da hantsi ta shiga gidan Talatu. Ta tarar Talatu ta riga ta kwance akuyar daga turke, jaririyar tana ta tsala kuka a bayanta.

"Inna, ki gafarce ni," in ji Ummukulsum.

"Ba komi, ɗiyata. Amana ce, lokacinta ya yi."

Ta karɓi igiyar, sai idonta ya sauka kan hantsar akuyar, a cike tam har tana ɗiga.

"Inna, ba ki tatsa ba yau?"

"Ina zan tatsa?" Talatu ta ce, tana jijjiga goyonta. "Kunya ce in kai wa Saliha ita a bushe."