Ƙyallayen da Kawu Ya Binne

Ban taɓa ganin Shugaban ƙasarmu na farko kusa da kusa ba, amma babu fuskar da na sani kamar tasa, domin da ma'aunin tela na san ta.

A shekarun farko ne bayan samun 'yancin kai. Ina da sabon aure, muna ɗinki ni da Kawu, ƙanin mahaifiyata, a rumfa ɗaya cikin kasuwar Garwa. Shugaba ɗan garin ne, saboda haka duk sanda zai zo gida sai gari ya ɗauka. A lokacin jam'iyya ta koma ɗaya, mutane kuma sun daina kiran sunansa a fili. Sai dai a ce "Maigida", a ɗan rage murya. Kowa ya san wani gida da aka zo aka ɗauki mutum, ba a sake jin labarinsa ba, kuma ba a tambaya.

Ana saura kwana goma ya zo, shugabar matan jam'iyya ta unguwarmu, wata Bafulatana doguwa da kowa ke kira Dada, ta sa aka sauke mana atamfa a rumfa. Fuskar Shugaba ce a jiki, jere, kowace cikin da'ira mai faɗin faifai.

"Riga da zani, na matana duka," in ji ta. "Kada almakashi ya taɓa fuska. Kada kuma fuska ta faɗo inda ake zama."

Kawu ya ce, "Dada, ai wasu matan naki, inda suke zaman ya fi fuska uku faɗi."

Ta tuntsire da dariya, sai kuma ta katse, ta waiwaya ta dubi bakin rumfa. Babu kowa. Duk da haka ta daɗe tana kallon wurin.

Zani ba ya ba da wahala. Riga ce matsala, don dole a fitar da wuya da hammata, da'irar kuma ta yi girma. Duk yadda muka juya yadin, sai almakashi ya bi ta kan fuska. Muka riƙa ɓoye ɓarnar a cikin ɗinki, amma ƙyallen da ya rage fa? A al'adarmu ta teloli, ƙyalle cikin matashin kai ake cusa shi, ko mata su kwasa su yi tsumma. Wannan kuwa ba mai kwana a kansa, ba mai goge tukunya da shi. A zuba a bola, wani ya gani. A ƙone, wani ya ce mun ƙone Shugaba. Muka samo buhu muna tarawa.

Wata rana muna sallar azahar a cikin rumfa, buhun ya kife da kansa. Da muka yi sallama muka ga tabarma cike da idanu. Ido ɗaya ne, shi ne dai, a ƙyalle bayan ƙyalle, wani da rabin hanci, wani da guntun hula, duk suna kallon sama. Kawu ya ajiye carbinsa, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Washegari ya ce ya sami mafita. Tsohuwar takarda mai ayar Alƙur'ani in ta yage, ba a jefar da ita, binne ta ake yi a wuri mai tsabta. "Girmamawa ce," in ji shi. "Wa zai yi fushi don an girmama shi?" Na yarda, don ni ma haka aka tarbiyyantar da ni. Da hantsi ya naɗe ƙyallayen cikin farin yadi don kada ƙasa ta ɓata su, ya gangara bakin kogin Binuwai, ya haƙa rami a gindin wata bishiya.

Bai zo mana a rai ba yadda abin zai kasance a idon wani. Dattijo da carbi, yana binne fuskar Shugaba gunduwa-gunduwa cikin farin yadi kamar likkafani, ana gab da zuwansa. Ko ni na gani, sammu zan ce. Wani ya gani kuwa. Har yau ban san ko wane ne ba. Kafin la'asar an tone ramin, an tafi da Kawu.

Daga baya na zauna a Akara, na yi ɗinki a Kinshasa da Khartum, na ga shugabanni iri-iri a jikin zane. A wasu wuraren tsoro da ganga yake zuwa, a yi ta rawa ana rantsuwa. Namu shiru ne. Ranar da aka tafi da Kawu babu maƙwabcin rumfa da ya ce mini sannu. Mai shayi ya miƙo mini kofi yana kallon wani wuri.

Dada ce kaɗai ta raka ni wurin komiser, wato shugaban 'yan sanda, da safe. Mutumin kudu ne, da Faransanci yake magana, wani ɗan sanda yana yi mana tafinta. Dada ta yi bayani har muryarta ta dushe. Komiser ya turo mini ƙunshin da aka tono da ƙafa.

"Ya ce in ragowar ɗinki ne, ai zai haɗu," in ji tafinta. "Ka mayar masa da fuska cikakkiya kafin la'asar. In ba haka ba, gobe mota za ta tafi da tsohon."

Ba a faɗi inda motar ke zuwa ba, ban kuma tambaya ba.

Na baje ƙyallayen a kan tebur. Abin da ya ɓace daga kowace fuska yana can jikin rigar wata mata, don haka babu biyun da suka dace sosai. Na ɗauko goshi daga nan, haɓa daga can. Bakin daga ƙyalle uku na haɗa shi, murmushin ya karye a tsakiya. Idon dama kuwa na neme shi na rasa mai kyau, saboda yadda muke ninke yadi, kullum ta kansa almakashi ke bi. Rana tana yin ƙasa. Sai na sa idon hagu guda biyu.

Da na kai, komiser ya sa aka shimfiɗa yadin a teburinsa, daidai ƙarƙashin hoton Shugaba da ke bango. Abin da na haɗa Shugaba ne, ba shakka, kowa zai gane shi. Amma ido ɗaya yana kallon komiser, ɗayan yana kallon wani abu a bayansa. Komiser ya kai hannu, ya janye, ya ɗauki alƙalami ya ɗan ɗaga gefen yadin. Na ga gumi a wuyansa, sai na fahimci ya shiga inda muka shiga. In ya aika da shi sama, da sunansa zai tafi. Ba zai iya ƙonawa ba, ba zai iya jefarwa ba.

"Ya ce bai ga komai ba," in ji tafinta, shi ma a hankali. "Ɗauke abinka."

Aka fito da Kawu ba hula, ƙafafunsa sun yi futu-futu. Dada ta kama hannun rigarsa. "Taho, tsoho, kafin ya tuna yana da ido."

Kawu bai sake riƙe almakashi ba. Maɓalli ya koma sawa da aikin hannu har ya rasu. Game da yadin kuwa, ce mini ya yi, "Kai ka ɗinka, kai za ka riƙe."

Na riƙe. Da Shugaba ya bar mulki aka sauke hotunansa daga shaguna, ajiye fuskarsa ya zama wani laifin daban, sai na ƙara tura shi ƙasan akwati. Yana nan a ɗakina a unguwar Jambutu, inda nake zaune yanzu. Sau biyu na fito da shi tsakar gida da ashana a hannu, sau biyu ina waiwayawa in dubi ƙofa kamar yadda Dada ta yi. Sai in ninke shi, fuskar a ciki, in mayar.