Yaya Larai, Wadda Ta Fitar Da Mu Tafiyar Asuba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. A ranar Talata, 10 ga watan Yuni, 2025, kwana kaɗan bayan babbar sallah, Allah Ya karɓi ran Hajiya Larai, mai abincin nan ta Gidan Kwano, inda jami'a take, wadda mu matan Kpakungu a Minna muke kira Yaya Larai. Ta rasu da hantsi a asibiti, bayan doguwar jinyar ciwon suga da ya kai ga taɓa mata ƙoda. An yi jana'izarta bayan la'asar, ana yayyafi. Ta bar mijinta, Malam Mika'ilu, da 'ya'ya huɗu.

Yaya Larai, ni ce Sa'adiya, maƙwabciyarki da katanga ɗaya ta raba mu. Tun ranar da aka fita da ke nake son in yi magana, bakina ya kasa, shi ya sa na zauna rubutawa.

Lokacin da aure ya kawo ni unguwar nan, na same ki mace mai jiki sosai. Kullum kina zaune a kan kujera 'yar tsugune a rumfarki kusa da ƙofar jami'a, tukwane kewaye da ke, daga safe har magariba. Ɗalibai sun san ki da sakwarar doyar Gwada da miyar agushi. Sun kuma san cewa wanda guzurinsa ya ƙare a ƙarshen zango, in ya zo ya tsaya yana kame-kame, za ki zuba masa ki kau da kai, don kada ya ji kunya. Waɗansunsu sun zo gaisuwa da 'ya'yansu a hannu, suna kuka kamar sun rasa uwa.

Ciwon suga ba baƙo ba ne a gidanku. Kin ba ni labarin mahaifiyarku a Wushishi, yadda ɗan ƙaramin rauni a yatsa ya zama gyambo, har aka yanke ƙafar, ba ta kuma daɗe ba bayan haka. Babban wanku ya makance kafin ya rasu. Shi ya sa ranar da kika dawo daga awon jini kika shigo ɗakina ba ko sallama, kika zauna a bakin gado kika gaya mini sakamakon. Likita ya gaya miki ciwon bai kama ki ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Ya ce mai ƙiba irin taki, da irin tarihin gidanku, in ta dage da tafiyar ƙasa ta rage nauyi, tana iya jinkirta shi shekaru masu yawa, wata ma ba ya zuwa mata sam. Bai yi miki alkawarin komai ba.

Kika ce da ni, "Sa'adiya, ni na wanke ƙafar Inna da hannuna. Ba na son Mubina ta wanke tawa."

Mubina babbar 'yarki ce, a lokacin tana firamare.

Washegari bayan sallar asuba kika fita. Da farko ko shataletalen unguwa ba kya iya kaiwa sai kin dafa bango kina haki. Cinyoyinki suka saɓule, gwiwoyi suka kumbura. 'Yan acaɓa suna tsayawa su tambaye ki ko lafiya, masu shayi suna dariya ƙasa-ƙasa. Akwai wanda ya je ya sami Malam Mika'ilu ya ce bai dace matar aure mai shekarunki tana yawo a titi da duku-duku ba. Malam ya ce masa da izininsa kike fita, ya kuma sayo miki takalmin roba mai taushi.

Ba ki tsaya a kanki ba. Ni ma a lokacin na yi nauyi bayan haihuwa ta uku, ko tsakar gida na share sai na zauna na huta. Kika fara buga mini ƙofa kowace safiya har sai na fito. Daga nan kika jawo Hadassah, matar Philip mai walda, wadda ita ma mahaifinta da wannan ciwon ya tafi. Ita ce ke sa mu dariya a hanya da irin Hausarta, tana cewa, "Maman Mubina, ka rage gudu mana, ka so ka kashe mu ne?" Sannu a hankali muka yi yawa, masu hijabi da masu ɗankwali, muna bin gefen hanyar Bida har gari ya waye sosai, sannan kowa ta koma bakin aikinta. In wata ta yi fashi, da yamma sai ta gan ki a gidanta kina tambayar ko jiki ne. Ranar Lahadi kike ɗaga mana ƙafa saboda masu zuwa coci.

Shekara goma sha wani abu kina wannan tafiya. Ba ki zama siririya ba, kuma ba ki taɓa cewa za ki zama ba. Amma kin sauke nauyi mai yawa, kin koma yin sallah a tsaye, kin yi ɗawafi da ƙafarki shekarar da kika sauke farali. Duk lokacin da aka auna jininki, ana samunsa daidai. Kin wuce shekarun da mahaifiyarki ta kwanta a cikinsu kina kan ƙafafunki.

Sai ranar da abin ya faru, shekara uku da suka wuce. Hanyar ba ta da wurin masu tafiya a ƙasa. Wani mai keke napep ya kauce wa tirela ya faɗo inda muke, ke kina gaba kamar kullum. Ya karya miki ƙugu da cinya. Ni na riƙe kanki a cinyata har aka sami mota. An yi aiki, ƙashin bai haɗu yadda ake so ba, aka sake yi. Daga gado kika koma keken guragu, daga nan ba ki ƙara taka ƙasa da ƙarfinki ba.

A idonmu ƙibar ta dawo, har ta fi ta da. Ba ci kike yi da yawa ba, zaman ne. Kina ƙoƙarin ɗaga hannuwa da gorunan ruwa a zaune, kamar yadda aka koya miki a asibiti, amma zafin ƙugun ba ya barin ki. Cikin shekara ta biyu ƙishirwa ta fara damun ki, da yawan fitsari, da jiri. Kafin a kawo sakamakon awon kin riga kin sani. Aka fara ƙwayoyi, aka koma allura. Kwanciya ta buɗe miki rauni a diddige wanda ya ƙi warkewa. Mubina ce ta bar aikinta ta dawo gida, ita ke wanke shi safe da yamma. Na taɓa shigowa na tarar tana wankewa, kin juya fuskarki bango, hawaye na bin kunnenki. Na koma da baya ban bari kin gan ni ba. Daga baya ƙodar ta gaza, aka fara wankinta, jikin bai ɗauka ba.

A zaman makoki na ji wata mata tana cewa, duk wahalar tafiyar nan da ta sha, ga shi dai sugan ne ya kashe ta. Ba ita kaɗai ke faɗa ba. Tun bayan haɗarin mata da yawa suka daina fitowa, waɗansu don tsoron titi, waɗansu mazajensu suka hana, waɗansu kuma da wannan maganar suka fake. Biyu daga cikin waɗanda suka daina yanzu suna shan maganin suga.

Ke kanki kin san za a faɗi haka. A zuwana na ƙarshe asibiti, muryarki ta dushe, kika jawo hannuna kika ce, "Kada su kafa hujja da ni. Lokacin da nake tafiya bai same ni ba, sai da na zauna. Shekarun nan da na samu, a cikinsu na aurar da yara, na je Makka. Ki gaya musu."

To, ga shi na gaya musu, Yaya. Ajali na Allah ne, babu tafiyar da ke ture shi. Amma na ga abin da shekarun tafiyar suka ba ki, na kuma ga abin da shekarun zama suka ƙwace.

Washegarin addu'ar uku na fita bayan asuba. Hadassah kaɗai na tarar a bakin layi. Mun bar hanyar Bida, mun koma bin lungunan cikin unguwa. Muka zaga muka dawo. Da muka zo ƙofar gidanku muka tsaya kaɗan, sannan kowa ta shige gidanta.

Ya Allah, ga baiwarKa Larai ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ka saka mata da duk cikin da ta cika, da duk ƙofar da ta buga don lafiyar wata. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Mika'ilu, wanda ya ɗauke ta ya sauke ta shekara uku bai taɓa ɗaure fuska ba, da Mubina da ƙannenta, da dangi na Wushishi, da duk wanda ya ci daga hannunta. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsare zuriyarta daga ciwon da ya bi gidansu. Mu kuma, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.