Langar Malam Sale a Bakin Kogi

Shekara tara ke nan da aminina Malam Sale ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Ni a aji uku na yi sallama da boko, amma yau bayani zan yi a ilmance, masu digiri su yi haƙuri.

Manomi ne a Dagumawa, nan Wudil. Da rani, in kogi ya janye, sai ya tara samari a kan rairayi bayan la'asar a yi langa. Na sha gaya masa cewa Allah ya ba mutum ƙafa biyu ya riƙe ɗaya a hannu, butulci ne.

Inda ya saɓa da kowa shi ne zaɓen ruwa, wato wanda zai tsere ya kai gida, 'yan ɓangarensa na tare masa abokan karawa. Kowa gwani yake sawa. Shi kuwa ya ɗauko Habu, wani siririn saurayi mai in'ina da ya daina shiga sa'o'insa saboda dariya. Ƙartin suka yi ta gunaguni wai za a cinye su. Ya ce, "To ku tare masa mana. Ƙarfin naku na ado ne?" An cinye su kuwa, har da washegari. Amma Habu bai sake fashi ba.

Da Malam Sale ya rasu, tsorona kada langar ta bi shi kabari, ga gidajen kallon ƙwallo sun cika Wudil. Juma'ar da ta wuce na daure na leƙa bakin kogin. Habu ne ke raba ɓangare, da gemunsa, muryarsa har tsallaken kogi. Har da ɗaliban jami'a daga Sabon Gari, cikinsu wani Bulus ɗan Filato ya riƙo ƙafarsa daga gaba maimakon baya, kamar mai cire ƙaya.

A matsayina na mai bincike, na tambaye su me suke nema a nan. Wani ya ce rage tumbi, alhali ba shi da shi. Bulus ya ce, "Baba, tun da na zo garin nan, a nan aka fara yi mini faɗa don ban zo jiya ba."

Da Malam Sale na raye, sai ya yi masifa kan riƙon ƙafar nan har magariba, sannan ya koma gida yana murmushi. Gonarsa an raba, kekensa ya yi tsatsa. Amma ya bar mana fili guda a Wudil inda in saurayi bai zo ba, za a yi cigiya.