Sautin da Muka Bari a Rataye

Shekarun baya, ina koyarwa a firamare a Tudun Kaya, wani abokina ya zo mini daga Rogo da wani ɗan fiyano mai batir ɗaure a bayan kekensa. A kwaleji ya koyi kiɗa, kuma ba ya bari mu manta da hakan.

Muka zauna a zaure bayan la'asar. Ɗakin da ke jikin zauren na kawuna ne, tsohon makaɗin garaya da ya daɗe da tuba daga kiɗan bori. Shekararsa biyu a kwance, ɓarin jiki ya shanye, baki ya rufe.

Abokina ya danna maɓalli uku tare. "Ka ji wannan? Ya zauna daram." Sai ya matsar da yatsan tsakiya gaba kaɗan. "Wannan kuwa a rataye yake. Kunne ba zai huta ba sai na mayar da yatsan nan gida."

Gaskiyarsa, sautin ya tsaya kamar sallamar da ba a amsa ba. Ni da shegen son wasa na danne hannunsa, na ce ya bar shi haka mu gani. Muna dariya batir ya mutu.

Amma sautin bai mutu ba. Daga ɗakin kawu yake fitowa, can cikin maƙogwaronsa, bai hau ba bai sauka ba.

Mahaifiyata ta leƙo, na yi mata bayani. Ta ce, "Su kawunka ba sa ajiye garaya sai sun sauke kiɗa, don a sallami waɗanda aka kira. Ku kun kira kun tashi."

Abokina ya ce ai kunnen makaɗi ne kawai, ya hau kekensa ya tafi da abinsa.

Kwana biyu kawu bai ci ba, bai runtsa ba. Da ya ja numfashi sai ya koma kan sautin, yatsun hannunsa mai lafiya suna motsi a ƙirjinsa. Na tsorata ƙwarai, na ga wasana zai kashe tsoho. Ran na uku na taka keke har Rogo, na sayi batir, na taso abokina a gaba.

Da hantsi ya durƙusa a ƙofar ɗakin, ya danna sautin, sannan a hankali ya mayar da yatsan gida. Kawu ya saki dogon numfashi, hannunsa ya sauka. Ya sha koko, ya yi barci har azahar.

Har yau ba na kashe rediyo a tsakiyar waƙa, 'ya'yana suna ta yi mini dariya. Na kuma yarda da abokina, wataƙila kunne ne. Sai dai akwai abin da ban taɓa gaya masa ba. Numfashi biyu na ji ranar, kuma na biyun daga bayan ƙyaure ya fito, inda aka rataye tsohuwar garayar.