Malam Tassiou, Wanda Bai Iya Katse Gaisuwa Ba

Kowace Lahadi, da an idar da sallar asuba, Malam Tassiou yakan ɗauki jakar kaset-kaset da fulas ɗin shayi, ya lallashi tsohuwar motarsa har ta yarda ta tashi, ya bar unguwar Glenwood ya nufi wata 'yar tashar rediyo a hanyar Summerfield. An ce bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa tashar don a riƙa sa wa manoman taba waƙoƙin coci ran Lahadi, ni kuwa da na shiga na rantse tun lokacin ba a sake kujera ba. Sauran ranakun mako lodin kaya yake yi a wani sito a Wendover. Amma ran Lahadi, na rabin awa, shi ne bakin Hausawan Greensboro, garinmu a nan Amurka. Ya sa kiɗan gurmi, ya kawo ɗan wa'azi, ya sanar da haihuwa da rasuwa, ya ja mana kunne kan taka birki a ƙanƙara. Sannan ya buɗe waya ga masu sauraro, a nan kuwa rigimar take.

Mu Kanawa ma muna taɓa gaisuwa, amma 'yan'uwanmu na Nijar, wallahi abin nasu sai addu'a. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina sanyi, ina labari. Shi kuma Malam, mutumin Maradi, sai ya amsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya mayar da tasa. Akwai Alhajin da ya bugo sanarwar suna, lokaci ya ƙare suna wajen "ina gajiyar mai jego". Gari ya san an haihu, ya san kowa lafiya, amma ba wanda ya san gidan da za a ci rago.

A wancan lokacin, da hantsi ake yin shirin, kuma yana ƙarewa mawaƙan wani coci ke shiga. Dachung, mutumin Jos da ke kula da na'urori, yakan tsaya bayan gilashi yana nuna agogo, yana jan yatsa a maƙogwaro. Malam sai ya gyaɗa masa kai cikin ladabi, ya ce wa mai waya, "To ina wajen su Hajiya?" Da abin ya ishi manajan tashar ya ce in aka sake cin lokacin coci, ko sau ɗaya, shiri ya tashi. Matar Malam, Fassouma, ta ce, "Malam, ka danna maɓallin nan kawai, ka ce layi ne ya yanke." Ya ce da ɗan Faransancinsa na 'yan Nijar, "Bon, in katse dattijo kuma in yi masa ƙarya? Zunubi biyu a maɓalli ɗaya?" Duk da haka ya yi ƙoƙari. Wata guda yana amsa gaisuwa da sauri kamar mai dillancin gwanjo.

Ana haka Hajiya Tchima ta zo garin. 'Yarta Hindou ce ta ɗauko ta daga Damagaram bayan rasuwar mijinta, ta ajiye ta a hawa na uku a Wendover. Hindou na aiki, mijinta na aiki, jikoki su ce "Hai, Giranma" da Turanci su wuce ɗaki. Tsohuwar da unguwa guda ke durƙusa mata da safe ta koma kallon motoci ta taga. Ta rage ci, ta daina magana, ta ƙulle kayanta ta ajiye bakin ƙofa. Hindou ta kai kuka wajen Fassouma. Malam ya ce a riƙa ajiye mata rediyo kusa da kunne, a nuna mata yadda ake bugo shi. Lahadi ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, shiru.

Dachung ne ya ba ni labarin ranar da ta bugo. Lokaci ya kusa cika, mawaƙa sun jeru a baranda da manyan rigunansu, sai waya ta yi ƙara. Wata murya a dishe ta ce, "Salamu alaikum. Kai ne Tassiou? Ɗan wane gida?" Malam ya gane ta. Ya dubi agogo, ya dubi Dachung, sai ya juya kujera ya ba gilashi baya, ya ce, "Hajiya, ina kwana? Ina baƙunta?"

Kai jama'a, ashe gaisuwar watanni ce a cikinta! Ta gaida iyayensa na raye da na ƙasa, ta gaida Maradi unguwa-unguwa. Shugabar mawaƙa ta tambayi Dachung ko gobara ake sanarwa. Ya ce, "A'a, lafiyar awakinsa take tambaya." Ta ce, "Yana da awaki?" Ya ce, "Ba shi da su, amma dole a tambaya." Sai da tsohuwa ta gaji don kanta, har ta yi dariya, Hindou kuwa da ta ji ta daga kicin sai ta fashe da kukan murna.

Manaja bai karya maganarsa ba, ya karɓe lokacin. Da ƙyar, bayan magiya, ya ba Malam na sassafe wanda ba mai so, inda abin da ke biye da shi kaset ne na farashin takin zamani, shi kuwa taki ba ya kai ƙara. Mun yi mita, ni ma na yi, don barcin safiyar Lahadi ba abin wasa ba ne ga mai aikin sito. Hajiya Tchima kuwa ta kwance kayanta. Matan da suka ji ta suka fara hawa benen nan gaishe ta, yau babu sunan da ake yi ba ita.

Malam Tassiou, kai ne ka yarda ka rasa hantsinka don tsohuwa ta samu mai amsa mata. Kai ne shekara da shekaru kake kankare ƙanƙara a gilashin mota da kwalin kaset, ba wanda ya taɓa jin ka yi gori. Na Fassouma, mai kunnen haƙuri, muna ƙaunarka, ko da ka hana mu barci.

Lahadin da ta wuce Malam ya yi shirinsa na ƙarshe, don ciwon baya ya ƙi barin sa, zai koma Maradi. Da aka buɗe waya Hajiya Tchima ce ta fara shigowa. Kowa ya gyara zama, Dachung ya tashi zuba shayi. Sai ta ce, "Tassiou, ɗana. Allah ya yi maka albarka." Ta ajiye waya. Ga lokaci birjik, ba mai korarsa. Muka ji kujera ta yi ƙara, muka ji ya ja hanci, ya ce, "Bon..."

Mun gode, Malam, Allah ya sauke ka lafiya. Ku kuma samari, kujerar tana nan da ƙararta, wani ya daure ya hau. Wanda ba zai iya ba, yau ya bugo wa wani tsoho, ya kife agogo, ya bar shi ya kai ƙarshen gaisuwarsa.