Dusar Burukutu

Mu Maguzawa ne, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Tukwanen burukutu na gada a wurin innata, a gidanmu na bakin Jibiya, ta hanyar Daddara. Jar dawar gonarmu nake jiƙawa ta yi tsiro, in shanya, in niƙa, in dafa da karan dawar. Tokar ta koma gona. Dusar da nake tacewa kafin giya ta tashi kuwa, matan unguwa ke kwashewa su ba tumakinsu. Musulmi ne, ko ƙofar ɗakin tukwane ba sa kallo, amma kowace safiya ƙwaryarsu na bakin dangata.

Sai kuɗin fetur ya zo. Manyan motoci suka cika bakin iyaka, ma'aikatan kwastan suka koma shan wiskin kwalba da ake shigowa da shi daga Maraɗi, suna yatsina fuska in sun ga ƙoƙona. Ban damu ba. Gari ne ya yi ta matsowa har ya iske mu, wani Alhaji mai motocin haya ya kafa gidan siminti jikin dangata. Bai kwana biyu ba ya ce warin giyata na hana shi sakat, ya kai ƙara wurin mai unguwa, a tashe ni.

Mai unguwa ya kira ni, yana magana yana kallon ƙasa.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri. In an yi girbi ki nemi wani wuri."

"Ranka shi daɗe, wa ya iske wani? Cibiyata gidan ga aka binne ta."

"Na sani. Amma mutumen ga babba ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na dawo gida na ci gaba da dahuwa, sai dai dusa na riƙa ɗauka da kaina in kai gona in binne. Ƙwarya ta zo, ƙwarya ta koma wayam.

Bazara ce, ciyawa ta ƙare, ga Babbar Salla ta matso. Ragunan da aka saba gani suna sheƙi suka fara nuna haƙarƙari. Mata suka dame ni da sallama, ni kuwa amsata ɗaya: mai tashi ba ta da dusa. Ban san abin da suka faɗa wa mazajensu a ɗaka ba, amma na ga maza sun daina fara'a a majalisa.

Ranar wata kasuwa sai ga uwargidan mai unguwa da kanta, tsohuwa mai jin nauyin jiki, riƙe da ƙwarya.

"Ɗiyata, ragon malam ya ƙi cin komi."

"Inna, ai tukunyar da ke wari ita ke ba da dusa. Mi zan yi?"

Ta aje ƙwaryar a gabana. "Cika mani. Zancen tashi kuma ki bar mani shi."

Na cika mata har tana zuba. Girbi ya zo ya wuce, ba wanda ya sake tayar da maganar. Alhaji ya ƙara wa katangarsa tsawo, hayaƙina ya ci gaba da tsallake ta. Da Sallar ta zagayo, har daga gidansa aka aiko da ƙwarya, ta ƙofar baya. Na ce a koma a biyo ta gaba.